Yadda Mutanen Unguwa Za Su Farfaɗo da Firamarensu a Zariya

Da wuya a sami gari a Arewa da ya tara makarantu kamar Zariya. Tushen Alhudahuda ya koma 1910, Barewa ta tare a nan a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, ga makarantar horar da malamai ta tarayya, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga zaurukan malamai na cikin birni irin na Unguwar Juma da Kona inda ake ɗaukar karatu tun kaka da kakanni. Amma a garin nan ne za ka leƙa ajin firamaren gwamnati ka tarar da yara sun cika ɗaki maƙil, wasu a kan benci, wasu a kan daɓen da ya farfashe, allo ya koɗe, kwano ya yaye ta kusurwa. Wanda ya fi ciwo kuma ido ba ya ganinsa daga bakin taga: yaro ya kai aji biyar bai iya karanta layi ɗaya na Hausa ba, balle Turanci.

Ba a rana ɗaya aka zo nan ba. Tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976 yara ke ƙaruwa, gini da malamai ba su bi sawunsu ba. Daga baya masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, kuma da suka tafi, muryarsu ta tafi tare da su. Aka bar makarantar unguwa da ɗan lebura da 'yar mai ƙosai, waɗanda iyayensu ba su san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba.

Alhakin makarantar nan a wuyan gwamnati yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ne, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, wadda ke ba jihohi tallafi idan sun zuba nasu kason. Saboda haka unguwa ba za ta maye gurbin hukuma ba, kuma bai kamata ta gwada ba. Aikinta biyu ne: ta yi abin da hannunta zai kai, ta kuma hana hukuma mantawa da sauran. Ma'aunin da za a auna duka biyun da shi guda ne, wato yaro ya iya karatu da lissafi ko bai iya ba.

Mataki na farko: ku shiga ta ƙofa

Mutum uku ko huɗu sun isa a fara. Kafin kowa, ku je wurin hedimasta, kuma ku je da sallama da ladabi, ba da waya a hannu kuna ɗaukar hoto ba. Malaman firamare a jihar Kaduna suna da dalilin ɗari-ɗari da baƙon da ya zo da takarda da biro. A 2017 gwamnatin jihar ta yi musu jarabawa, ta sallami 21,780 da ta ce ba su ci ba, aka kuma sake sallamar wasu a 2022. Duk wanda ya ga haka ta faru da abokan aikinsa, dole ya yi zaton bincike aka zo yi masa. Ku faɗa masa a fili: “Malam, mu maƙwabtan makarantar nan ne, 'ya'yanmu da ƙannenmu ke cikinta. Mun zo mu ji abin da ya fi damun ku, mu ga inda za mu sa hannu.” Sai ku yi shiru ku saurara. Galibi za ku tarar ya sha rubuta koke a kan abin da kuka zo dominsa.

Daga nan sai mai unguwa, shi zai kai maganar ga dagaci ko hakimi idan ta kama. Sai limamin Juma'a da na masallatan unguwa, da shugabannin coci a wurare irin Sabon Gari, Wusasa da Samaru inda ake zaune a cakuɗe. Minti biyu na sanarwa bayan sallar Juma'a ya fi takardar gayyata ɗari.

Ku bar jam'iyya a gida. Ranar da aka ce wannan kwamitin na wane ne, rabin unguwa ta janye.

Mataki na biyu: ku duba da idonku, ku ƙirga

Gani ya kori ji. Ku nemi izinin hedimasta ku zagaya makarantar a ranar karatu, kuma ku iso kafin a shiga aji, wajen ƙarfe bakwai da rabi. Ku zo da littafi mai bango mai ƙwari wanda zai zama na kwamiti, ba na mutum ɗaya ba. A kowane aji ku rubuta abu huɗu: yara nawa ke cikin rajista, nawa ne ke zaune a ajin yau, nawa ne a kan benci, kuma akwai malami a gaban allo ko babu. Ku raba maza da mata. Bayan an dawo daga tara ku sake ƙirgawa, domin a nan ne za ku ga yaran da ke sulalewa tsakar rana. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku ajiye wannan adadi kusa da abin da kuka ƙirga, tazarar da ke tsakaninsu ita ce hujjarku a gaban hukuma.

Sai gini. Ku ɗaga kai ku dubi rufi daga ciki: inda rana ke ratsowa, nan ruwa zai zubo. Ku taɓa katakon rufi inda hannu ya kai ku ji ko gara ta ci. Ku ƙirga ƙofofi da tagogin da ke rufuwa. Ku shiga banɗaki da kanku, kada ku aika yaro. Rami nawa ne ke aiki, akwai ƙofa, akwai na mata daban, akwai ruwa a kusa? Ku bi iyakar filin makarantar da ƙafa har ku dawo inda kuka fara, ku rubuta inda aka mai da shi juji, inda hanyar babura ta ratsa, inda wani ya kafa rumfa ko ya ja katangar gidansa ta shigo ciki. Da yamma kuma wani ya dawo ya ga su wa ke zama a ajujuwan bayan an tashi, domin makaranta marar ƙofa takan zama matattarar 'yan shaye-shaye, da safe yara su fara da share ƙazanta kafin karatu.

Irin wannan zagaye sau biyu ko uku a ranaku daban-daban ya fi sau ɗaya, musamman a haɗa da Litinin da ranar karatu ta ƙarshe a mako.

Mataki na uku: ku gwada karatun yara

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Ba ya buƙatar kuɗi. A sami takarda ɗaya a raba ta gida huɗu: a sama baƙaƙe da wasula guda goma a warwatse, ƙarƙashinsu kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, rago, tulu, kasuwa, sai jimloli uku gajeru, sai ɗan labari mai layi shida ko bakwai. A bayan takardar a sa lambobi, da tarawa, da ɗebewa mai aro, kamar 52 a cire 27.

A zaɓi yara daga aji uku zuwa shida ta hanyar rajista, misali kowane yaro na biyar a jeri, don kada a turo muku zakarun aji kawai. A zauna da yaro shi kaɗai a gindin bishiya, babu bulala a kusa, babu 'yan kallo. A fara da jimla. Idan ya karanta “Kaka ta dafa tuwo da miyar kuka” ba tare da tsayawa a kowace gaɓa ba, a ba shi labarin, a tambaye shi abin da ya faru a ciki. Idan ya kakare, a sauko zuwa kalmomi. Idan nan ma ya tsaya yana kallon fuskarka yana jiran ka fara ya maimaita, a sauko zuwa baƙaƙe. Ko a ina ya tsaya, a ce masa madalla, a sallame shi da fara'a. Abin da za a rubuta kawai shi ne matakin da ya kai.

Sakamakon na makaranta ne gaba ɗaya. Ba a kiran sunan yaro a taro, ba a kuma kiran sunan malami. Amma a karanta adadin a gaban iyaye: cikin yara kaza da muka gwada a aji biyar, kaza ne suka karanta labari. Da yawa daga cikin iyaye ba su taɓa jin wannan ba, domin katin sakamako yana nuna na nawa yaro ya zo a aji, ba ya nuna ko ya iya karatu.

Mataki na huɗu: ku raya kwamitin da doka ta sani

Kada ku yi gaggawar kafa sabuwar ƙungiya da sabon suna da hatimi. Kowace makarantar gwamnati ana son ta kasance da kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC. Jihar Kaduna tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN na tallafin Birtaniya ya yi aiki a cikinsu daga 2008, kuma kafa waɗannan kwamitoci da horar da su na cikin manyan ayyukansa. Don haka a yawancin makarantu kwamitin yana nan, ko da a takarda ne kawai. Ku tambayi hedimasta sunayen membobi da ranar da suka yi zama na ƙarshe. Amfanin bi ta wannan hanya shi ne hukuma ta san da shi: takardarsa tana da nauyi a ofishin ilimi, kuma tallafin gyaran makarantu, na UBEC ko na masu ba da agaji, ta hannunsa yake bi.

Kwamitin ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai, domin shi na unguwa ne duka. A cikinsa akwai hedimasta, wakilin malamai, wakilan ɗalibai mace da namiji, wakilin masu sarauta, malaman addini, tsofaffin ɗalibai, mata, matasa da masu sana'ar hannu. Idan wasu sun rasu, ko sun tashi daga unguwar, ko sun daina zuwa, a cike gurbinsu a taron jama'a tare da sanin ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kada a cika kwamiti da manyan mutanen da ba su da lokaci. A ba su girmansu a matsayin iyayen kwamiti, amma kujerun aiki a ba wa masu zuwa: malamin da ya yi ritaya, kafinta, birkila, matashin da ya iya rubutu da lissafi. Sannan mata. Uwa ce ta san dalilin da ya sa yarinya ba ta je makaranta ranar Talata ba, amma a taron da maza suka cika ba za ta buɗe baki ba. A yi musu nasu zaman a cikin gida ko a Islamiyyar matan aure, su zaɓi mutum biyu ko uku da za su kawo maganarsu, a kuma rubuta ta a littafin kwamiti kamar ta kowa.

Mataki na biyar: ku raba matsalolin gida uku

A babban taro, a karanta abin da aka ƙirga, sannan a rubuta matsalolin a allo gida uku. Gida na farko, abin da ba ya cin kuɗi: shara, makarar yara, hana zubar da shara a fili, darasin ƙarin karatu. Gida na biyu, abin da ƙaramin kuɗi da ƙarfin unguwa za su iya: liƙe rufi, gyaran benci, fentin allo, ƙofofi, gyaran famfo. Gida na uku, abin da sai hukuma: sababbin ajujuwa, ƙarin malamai, katanga mai tsawo, takardar mallakar fili.

Daga kowane gida a ɗauki abu ɗaya ko biyu na wannan zangon, a rubuta wanda zai jagoranta da ranar gamawa. Aikin farko ya zama ƙarami wanda za a gama cikin mako biyu kowa ya gani.

Mataki na shida: kuɗi

A nan yawancin ƙungiyoyin unguwa ke mutuwa, kuma ba kullum sata ce ke kashe su ba. Zargi kaɗai ya isa. Saboda haka a tsara yadda za a riƙe kuɗi tun kafin naira ɗaya ta shigo.

Da farko, gudummawa ce, ba haraji ba. Dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki, har ta tanadi hukunci ga mai karɓa. Kada a kori yaro ko a kunyata shi a gaban aji don ubansa bai bayar ba, kada ma a bi ta hannun yara wajen tarawa. A bi gida-gida da shago-shago, har gidajen da 'ya'yansu ke makarantar kuɗi, domin su ma maƙwabtan makarantar ne. A ce gida 200 kowanne ya ba da naira 500 a wata, an sami naira 100,000, kuma a zango ɗaya wannan zai yi aikin da za a gani.

A buɗe asusun banki da sunan kwamiti, masu sa hannu uku, ba a fitar da kuɗi sai da biyu. Kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da limami ne, kuma wannan kariya ce gare shi. Duk wanda ya bayar a ba shi rasit. Duk abin da aka saya a manna rasit ɗinsa a littafi. Ƙarshen wata a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a babbar takarda, a liƙa a bangon ofishin hedimasta ta waje da kuma ƙofar masallaci, a ɗauki hotonta a tura zauren WhatsApp na unguwa.

Mutane da yawa sun fi sakin jiki su ba da kaya maimakon kuɗi: buhun siminti, bandir ɗin kwano, kwalin alli, yinin aiki. A karɓa, a rubuta shi da sunan mai bayarwa idan ya yarda. Tsofaffin ɗalibai kuma taska ce da ba a taɓa ba. Firamaren da ta shekara hamsin a Tudun Wada ko cikin birni ta yaye likitoci da 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke Kaduna da Abuja da Legas. Kada a aika musu da “a taimaka” kawai. A aika hoton ajin da suka zauna a ciki, da lissafin kafinta na abin da gyaransa zai ci, bayan an gama kuma a aika hoton aikin da kwafin rasit.

Mataki na bakwai: aikin gayya da lokacinsa

Rufi ake fara gyarawa, kuma da rani. Iskar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, ita ke yaye kwano a ƙasar Zazzau, kuma kwanon da ƙusa biyu suka saki a watan Fabrairu shi ne ajin da zai zama kango a watan Yuni. Kafinta ya hau ya bi layi-layi, ya sauya katakon da ya ruɓe, ya ɗaure rufin da bango da ƙarfe. Bayan rufi sai ƙofofi da tagogi, domin benci a ajin da ba ya kulluwa ba ya shekara.

Kafin a sayi sabon benci a buɗe sito. Kusan kowace makaranta tana da tarin karyayyun bencina da tebura, kuma daga uku da suka karye kafinta zai fitar da biyu masu kyau da kuɗin ƙusa kawai. Allo kuwa siminti kaɗan da baƙin fenti ne, amma yaron da ke layin baya ya dogara da shi fiye da komai a ajin.

Banɗaki na buƙatar natsuwa. Rashinsa na cikin abin da ke sa 'yan mata da suka fara girma su riƙa fashi, ko su koma gida tsakar rana ba su dawo ba. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi: ramin da aka haƙa ba a ɗaure bakinsa da kyau ba haɗari ne ga yara. A nemi shawarar ma'aikatan tsafta na ƙaramar hukuma, a nisanta shi da rijiya, a raba na mata da na maza da ƙofofi masu sakata, a kuma tsayar da wanda zai riƙe makulli da jadawalin wanki tun kafin a buɗe. Famfon tuƙa-tuƙa da ya tsaya kuma sau da yawa roba ce ko sanda ta lalace a ciki, a kira mai gyara ya duba kafin a fara maganar haƙa sabuwar rijiyar burtsatse.

Duk aikin da ya shafi sabon gini ko rushe tsoho, sai da izinin ofishin ilimi a rubuce. Idan kuɗin katanga bai samu ba, a shuka dogon yaro a kan iyaka a watan Yuli ko Agusta, a kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, a ba kowane aji bishiyoyinsa. Iyakar da aka shata da itace tana da wuyar ci. Maganar wanda ya riga ya shigo fili kuwa ba ta matasa ba ce, a bar ta a hannun mai unguwa da hakimi da hukuma, a kuma nemi a yi wa filin awo da takarda a hukumar kula da filaye ta jiha, KADGIS.

Mataki na takwas: malamai da darasin ƙari

Idan malami yana fashi ko makara, a fara da tambaya a keɓe ta hannun hedimasta. Wani daga nesa yake zuwa kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, wata jinya take yi. Wanda aka gano sakaci ne, aka yi masa magana sau biyu bai sauya ba, sai kwamiti ya rubuta wa sakataren ilimi da ranakun da aka ƙirga. Wanda kuma yake zuwa kullum yana koyarwa, a kira sunansa a taron iyaye a gode masa, ko da turmin atamfa ko yadin shadda ne. Malamin firamare ya daɗe bai ji godiya daga bakin unguwa ba.

Ga inda Zariya ta fi sauran garuruwa sa'a. Unguwa ɗaya za ta iya ƙunsar malaman da suka yi ritaya, ɗaliban sashen ilimi na jami'a, masu NCE da ba su sami aiki ba, da masu yi wa ƙasa hidima. Kwamiti ya rubuta wa makarantun horar da malamai ya nemi a riƙa turo ɗalibai masu koyon aikin koyarwa, ya kuma nemi 'yan sa-kai daga cikin unguwa.

Aikin da za a ba su shi ne darasin ƙari na awa ɗaya, bisa sakamakon gwajin nan. A raba yara bisa matakin da suka tsaya, ba bisa ajinsu ba: masu koyon baƙaƙe wuri ɗaya ko da ɗan aji shida ne, masu kalmomi wuri ɗaya, masu jimla wuri ɗaya. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa wannan salo, an kuma yi amfani da shi a wasu jihohin Arewa. A fara da Hausa, domin yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, yaron da ya gane ba, bi, bu zai haɗa kalma da kansa cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin kama na Turanci. Murafun kwalba da tsinken tsintsiya sun isa koyar da tarawa da ɗebewa. A zauna da malaman Islamiyya a daidaita lokaci don kada a sa yaro zaɓi tsakanin biyun. Safiyar Asabar ko yammacin Alhamis da Juma'a sukan dace a unguwanni da dama. Kuma kada a bar baligi shi kaɗai da yara a rufaffen ɗaki, a yi darasin a fili inda kowa ke gani.

Mataki na tara: yaran da ba sa zuwa

A ɗauki rajista a fitar da sunayen waɗanda suka yi mako biyu ba a gan su ba. Mata biyu daga kwamiti su shiga gidan, namiji ya tsaya da maigida a zaure. Tambaya ake yi, ba faɗa ba: “Hajiya, kwana biyu ba mu ga 'yarmu a makaranta ba, lafiya dai ko?” Amsar takan zama talla, ko rashin kayan makaranta, ko aikin gona da damina a gefen gari irin su Dambo, Bomo da Dutsen Abba, ko kuma yunwa. Lokacin da aka fara ciyar da 'yan firamare a jihar nan a 2016 ajujuwa sun cika sun batse, wanda ya nuna yawan yaran da abin karyawa ke tsayar da su a gida. Inda talla ce, a roƙi a mayar da ita bayan an tashi. Inda kaya ne, a tattara na yaran da suka gama a wanke a raba a asirce.

Mataki na goma: takarda zuwa hukuma

A san ofishin da ya dace. Makarantun cikin birni, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur da Wusasa suna ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Zariya. Na Samaru, Hanwa, Muciya, Cikaji da Basawa suna ƙarƙashin na Sabon Gari. Sama da su akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a Kaduna. Idan sakandare ce, a bi ta ofishin shiyya na ma'aikatar ilimi, a kuma tambaya ko makarantar na cikin shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kaduna ke cikin jihohin farko da suka shiga, domin yana ba kwamitocin makarantu kuɗin gyara.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. Sunan makaranta da mazaɓa, adadin yara da malamai da ajujuwa kamar yadda kuka ƙirga, abin da unguwa ta riga ta yi da kuɗinta, sannan buƙata ɗaya ko biyu a fayyace: muna neman malamai uku, muna neman a sake rufin ajujuwa biyu. A haɗa da hotuna. Shugaban kwamiti da hedimasta da mai unguwa su sa hannu. A kai kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, a dawo da shi littafin kwamiti. A ba kansila da ɗan majalisar jiha da na tarayya nasu kwafin, kuma a kai tun tsakiyar shekara, kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Bayan mako uku mutum biyu su koma su tambaya, da kwafin mai hatimi a hannu. Idan an yi shiru, a sake rubutawa a ambaci ranar ta farko. Sai an yi haka sau biyu ko uku ba amsa sannan a nufi gidan rediyo, kuma a can ma adadi za a karanta, ba zagi ba.

Idan Allah ya sa aka ba da kwangila, aikinku bai ƙare ba. Ku nemi sanin abin da aka rubuta za a yi, birkilan kwamiti ya riƙa leƙawa yana duba kwaɓin siminti da kaurin kwano da irin katakon da ake sawa. Abin da bai yi daidai ba a ɗauki hoto a kai wa injiniyan hukuma tun aikin na tafiya, kada a tsaya cacar baki da leburori.

Mataki na ƙarshe: ƙarshen zango

Mako guda kafin hutu a sake gwajin karatu da sabuwar takarda mai wahala iri ɗaya, a sake ƙirga yara da benci da malamai. A kira taron iyaye, maza da mata, a karanta adadin farkon zango da na yanzu kusa da juna, ma'aji ya karanta lissafin kuɗi har ƙwandala, a faɗi takardun da aka kai da amsar da aka samu. Abin da aka yi alkawari ba a gama ba a faɗi dalili. Sannan a koma allon nan mai gida uku a zaɓi aikin zango mai zuwa, a tsara wanda zai riƙa leƙa makarantar lokacin hutu saboda ɓarayin ƙofa da kwano, a kuma tsayar da ranar zagaye na gaba a makon farko na komawa.